Ranar da Na Ƙi Tashi a Gaban Gwaggo Lantana

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi kwana biyu. Masu turo saƙo suna tambaya ko aure na yi na manta da ku, to ban yi ba, kuma yadda abubuwa suke tafiya sai kun taya ni da addu'a. Waɗanda yau suka fara karanta ni kuwa, sunana Naja'atu, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a nan Funtua. Ina da wata matsala guda da ta hana ni sakat: suma nake yi.

Ba suman tsoro ba, ba na ganin jini ba. In na daɗe a tsaye, ko na daɗe a durƙushe na miƙe da sauri, sai in ji kunnuwana sun toshe kamar an tura kaina cikin randa, idona ya fara duhu daga gefe, daga nan sai dai in farka in ga fuskokin mutane a saman kaina. A bana kaɗai sau bakwai na faɗi. Na faɗi a taron safe na makaranta ana tsakiyar taken ƙasa. Na faɗi a layin mai niƙa, masarar tuwonmu ta zama rabon kajin unguwa. Na faɗi a gidan suna a kan wata mata da har gobe take rantsuwa da gangan na yi.

Maƙwabciyarmu Sista Roda ma'aikaciyar jinya ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta fara ɗaura mini abin awon jini a dantse. Ta matsa, ta duba, ta sake matsawa.

"Naja, tamanin da biyar bisa hamsin da biyar. Jininki ƙasa yake."

Ta raka ni wajen likita, aka yi gwaje-gwaje, aka ce zuciyata lafiya lau, saukar jini ce kawai. Aka ba ni dokoki. In riƙa shan ruwa da yawa, kada in fita ban karya ba, in ɗan ƙara gishiri a abinci. In kuma na daɗe a ƙasa, kada in zabura in miƙe. In zauna daɓas tukuna, in miƙe ƙafafu, in kaɗa yatsu na ɗan lokaci, sannan in dafa wani abu in tashi a hankali. Da sauƙi, ko ba haka ba? Ai don ba ku san kakata ba ne.

Tsohuwa muke ce mata, ita ta haifi Babanmu, kuma shekara goma sha biyar ke nan tana fama da hawan jini. Wannan ya sa ta ɗauki kanta shugabar duk wani ciwo da ke da jini a sunansa. Da na dawo na yi mata bayani, sai ta dube ni sheƙeƙe.

"Jini ya sauka? Ya sauka ina? Rijiya ce?"

"Tsohuwa, likita ne fa ya faɗa."

"Likitan yaro ne, a juye ya riƙe takardar. Jini hawa yake yi, ni nan na san shi ya san ni. Gado kika yi, ki gode Allah ina raye."

Daga ranar ta kafa dokar hana gishiri a tukunyar gidanmu. Kullum da safe kofi guda na zoɓo marar sukari da dakakkiyar tafarnuwa, sai ta ga na shanye take ɗauke idonta. Babanmu bai iya yi wa mahaifiyarsa musu ba, sai ya ce aiki ya yi masa yawa a kasuwa, tun daga nan can yake cin abincinsa. Ni kuwa na ɗura gishiri a tsohuwar kwalbar man shafawa na ɓoye a jaka, ina shiga banɗaki ina lasa kamar saniya ta sami kanwa. Zoɓon nan, in ji Sista Roda, ƙara saukar da jinin yake yi. Wato da safe a tura ni ƙasa, da rana in jawo kaina sama.

A unguwa kuma kowa da nasa fassarar. Wasu aljanu, wasu farfaɗiya, wata ma ta kalli cikina ta taɓe baki. Saurayina na farko, Isah, a gabansa na faɗi a zaure ina cikin yi masa rakiya. Da na farfaɗo babu shi babu dalilinsa, sai takalminsa ƙafa ɗaya. Har yau bai aiko an karɓa ba.

Shi ya sa da Zainulabidin ya fito, Umma ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Ke, wannan karon bakinki alaikum. In kika faɗa masa, ni da ke ne. Ga ƙanwarki Kausar nan a bayanki, mutane biyu sun yi magana, Babanku ya ce ba za a tsallake ki ba. Sai an ɗaura, in ya so ya gani a ɗakinsa."

Zainu ɗan Gozaki ne, yana sayen masara da waken suya a kasuwar Dandume yana kaiwa kudu. Mutum ne mai sanyin magana, Malama yake ce mini, kuma in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ina son sa, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Son da ya sa na bi maganar Umma ke nan, don tsoron in sake ganin takalmi ƙafa ɗaya a zaurenmu.

Ga dabarar da muka yi. A zaune ya fara ganina, a kan bencin shagon cajin waya. To sai muka ɗore a haka. In ya zo zance, Kausar ta shimfiɗa tabarma a zaure, in riga shi zama, sannan a ce ya shigo. In zai tafi in ce Allah ya kiyaye hanya daga inda nake. Wata takwas muna haka. Shi a zatonsa kunya ce.

Ranar Alhamis da ta wuce saƙonsa ya shigo ina cikin duba littattafan yara.

"Malama, albishirinki."

"Goro fari."

"Asabar Gwaggo Lantana za ta zo ganinki, ita da Inna Dudu. In ta ce ta yarda, sai maza su zo a sa rana."

Gwaggo Lantana yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar uban. Inna Dudu kuma ƙanwar mahaifiyarsa. Na rubuta, "Me take so? Me ba ta so?"

"Ba ta da matsala wallahi. Abu ɗaya take dubawa, gaisuwa. Akwai wadda aka taɓa nuna wa yayana a Kafur, ta gaishe ta a ɗan rusune kamar mai neman allura a ƙasa. A mota Gwaggo ta ce a bar maganar. Amma ke ai ba ni da haufi a kanki." Ya ƙara da hoton zuciya har uku.

Na ajiye wayar na kalli silin. A duk abin da ke duniya, sai durƙuso.

Ranar Juma'a Tsohuwa ta shiga jakata neman abin yanke farce ta ci karo da kwalbar. Ta buɗe, ta ɗanɗana, ta rafka salati.

"Ashe da hannunki kike kashe kanki, ja'ira! Ni ina nan ina ta wahalar daka tafarnuwa!"

A kan idona ta juye shi a kwata ta bi shi da ruwa.

Asabar tun da asuba gidan ya kacame. Umma ta yi waina da miyar taushe, da dambun shinkafa, da soyayyun kaji biyu, da gishirin da ta aro ta kan katanga a ɓoye. Aka goge ledar falo har tana ɗaukar ido, aka fito da labulen sallah, aka rufe tagogi aka banka turaren wuta. Ni kuma aka sa ni a gaba da kwalliya. Atamfa ruwan ganye, ɗinkin riga da siket da tela ya matse kamar yana jin haushina, ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu, mayafi ruwan madara. Babu wanda ya tuna ban karya ba, har da ni. Wadda ta tuna da ni Tsohuwa ce kaɗai, ta kawo zoɓonta, yau ma kofi biyu saboda muhimmancin ranar.

An kwana ana ruwa, da hantsi rana ta buɗe, gari ya yi wani irin zafi mai danƙo. Bayan azahar suka iso. Zainu ne ya tuƙo su, ya tsaya a waje gindin darbejiya, tunda ba shi da hurumin shiga. Saƙonsa ya shigo: "Mun iso. Ki yi yadda kika saba kawai."

Kausar ta shiga da faranti. Ni kuma da Umma ta ƙwala kira, tun daga bakin labule na zube a gwiwa, na ja jiki na matsa gabansu, kaina a ƙasa.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ɗago in gan ki."

Doguwar mace ce baƙa, da tsage a kumatu, da carbi mai manyan 'ya'ya a hannu. Inna Dudu gajera ce mai ƙananan idanu, irin mutanen da in sun shiga ɗakinka sai sun leƙa ƙarƙashin gado. Ashe Gwaggo ba gaisuwa kawai take dubawa ba, ita ma gwana ce. Ta tambayi Babanmu, ta tambayi kasuwarsa. Ta tambayi ruwa, na ce ya yi gyara. Ta tambayi masarar gonarmu ko ta yi goyo. Ta tambayi makaranta, da yaran makaranta, da shugaban makaranta da iyalinsa. Ta yi mini ta'aziyyar kakana da ya rasu ina aji biyu na firamare. Tana gamawa Inna Dudu ta ɗauka daga farko. Agogon bango yana gabana, minti goma sha huɗu cif ina durƙushe, hayaƙin turare yana shiga kaina, zoɓo yana aikinsa.

"Ma sha Allah. Tashi ki je, Allah ya yi miki albarka."

A nan ne na ji alamar. Kunnena na dama ya fara toshewa, tafin hannuna ya yi sanyi. Na san in na miƙe yanzu, sai dai a kwashe ni. Kuna iya cewa ai an koya mini yadda zan yi. To ku faɗa mini, wace budurwa ce za ta zauna daɓas a gaban dangin miji, ta miƙe musu ƙafafu tana kaɗa yatsu?

"Gwaggo, nan ma ya isa."

"A'a, tashi ki hau kujera."

"Ba na hawa kujera a gaban manya."

Kausar tana bakin ƙofa. Ita da ta san kullum a doguwar kujerar nan nake miƙewa ina danna waya ko Baba yana falon, sai ta ƙware da miyau ta fita tana tari. Gwaggo ta dubi Inna Dudu, ta gyaɗa kai a hankali.

Umma ba ta gane halin da nake ciki ba, ta ce, "Ke, zuba musu abinci mana." Kulolin suna can kan tebur a ƙarshen falo. Na auna nisan da ido, na ce bismillah, na tafi da rarrafe. A gwiwa na zuba waina, a gwiwa na kawo, a gwiwa na koma na ɗauko ruwan wanke hannu ina tura robar a gabana. Siket ɗin nan yana ƙara, ina jin zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗago ido sai na ga Gwaggo tana share ƙwalla da bakin mayafi.

"Dudu, kin gani? Rabona da ganin irin wannan tun ina yarinya. Ashe akwai sauran masu tarbiyya a birni. Hajiya, Allah ya saka miki, kin yi aiki."

Umma ta sunkuyar da kai tana murmushi kamar da gaske ita ta koya mini. Ni kuwa na fara lissafin yadda zan rarrafa in fice ta labule in kwanta a tsakar gida. Saura taku uku, wato rarrafe uku, Inna Dudu ta ajiye cinyar kaza.

"Yaya, ni fa akwai abin da ke damuna. Tun da muka zo ban ga yarinyar nan a tsaye ba."

"Kunya ce, Dudu."

"To. Amma a mota na tambayi Zainu tsayinta, ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya ce bai tabbatar ba. Wata takwas yana zuwa bai tabbatar ba. Hajiya, ba don komai ba, anya ƙafafun nan lafiya suke? In gurguwa ce ai ba laifi ba ne, halittar Allah ce, amma a faɗa mana."

Umma ta zabura. "Gurguwa? 'Yar tawa? Ke, tashi su gan ki!"

Na dube ta, ta dube ni. A idona ta karanta komai, na ga fuskarta ta canja, amma magana ta riga ta fita. Ni ma kuma, in faɗa muku gaskiya, kalmar ta sosa mini rai. Na manta da likita, na manta da Sista Roda, na miƙe zumbur kamar soja.

Abu na ƙarshe da na ji shi ne muryar Gwaggo daga nesa tana cewa, "Ma sha Allah, doguwa ce ma." Daga baya Kausar ta ba ni labari, wai na tsaya ƙiƙam na ɗan lokaci ina murmushi, sannan na tafi gaba ɗaya, na bi ta kan kwanon miyar taushe na sauka a cinyar Gwaggo.

Warin tafarnuwa ne ya dawo da ni. Tsohuwa tana cusa mini ita a hanci tana cewa, "Ya hau! Na faɗa muku ya hau!" Umma tana ta nanata wa bango, "Santsi ne, ledar ce aka goge da yawa." Inna Dudu ta kama kunnena tana tofa ayoyi, ta daka tsawa.

"Wane ne kai? Faɗi sunanka!"

Na ce, "Naja'atu ce."

"Ƙarya kake yi! Daga wane dutse ka fito?"

Allah ya yi wa Kausar albarka, ita ta hau turmi ta ƙwala wa Sista Roda kira ta kan katanga. Sai ga ta da zanen gida da abin awo a hannu. Ta buɗe tagogi, ta fitar da kaskon turare, ta janye Inna Dudu daga kunnena. Ta kwantar da ni a ƙasa, ta ɗaga ƙafafuna ta ɗora a kan kujera, daidai gefen Gwaggo.

Umma ta dafe ƙirji. "Sista, a gaban baƙi?"

"Maman Naja, ko a gaban gwamna ne. Kausar, kawo ruwa, ga wannan ƙullin gishiri da sukari ki kaɗa mata."

Ta auna ni, ta juya ta yi musu bayani tiryan-tiryan. Ba aljani ba ne, ba farfaɗiya ba ce, ba a ɗauka, ba ya hana aure ko haihuwa. Jini ne ba ya isa kai da wuri in ta miƙe da sauri. Ta ce an daɗe da sani, likita ma ya gani. Umma ta runtse ido da jin wannan. Ni ma na runtse nawa, ina jiran in ji an ce Dudu ɗauko mayafinki.

Sai na ji Gwaggo ta ce, "Wannan abin da kike ɗaurawa, biya ake yi?"

"A'a, Hajiya."

"To ɗaura mini."

Inna Dudu ta ce ita ce kusa, a fara da ita. Tsohuwa ta ce gidan ɗanta ne. Kafin ka ce me, an yi layi a falonmu, kowa ta naɗe hannun riga, har Umma. Ni ina kwance a ƙasa, ƙafafu a sama, kabewa a ɗankwali, babu mai ko kallona. Inna Dudu ɗari da hamsin, ta ce hanya ce. Tsohuwa ɗari da arba'in, ta ce a ga aikin tafarnuwa, Sista ta ce aikin ƙwayar asibitin da take haɗiya kullum ne. Da aka zo kan Gwaggo, Sista ta auna, ta canja hannu ta sake aunawa.

"Hajiya, an taɓa auna ki?"

"Ni? Ban taɓa kwana a asibiti ba."

"Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma. Gobe da safe ki ga likita. Gobe, ba jibi ba."

"Ita nawa ne nata?"

"Yanzu tamanin."

"Na ninka ta ke nan har da ɗoriya."

Ta faɗa kamar abin alfahari, amma ba ta yi dariya ba. Ta ja carbinta ɗaya, biyu, ta tsaya.

"Haka aka ce wa ƙanena, uban yaron nan. Ya ce in an gama girbi zai je. A gona ya faɗi, yana cikin ɗaurin dawa. Muka yi ta yayyafa ruwa." Ta sauke ido ta dube ni a inda nake kwance. "Ke in kin faɗi kina tashi?"

"Ina tashi, Gwaggo."

"Kullum?"

"Kullum."

"To."

Wallahi sai da na ji hawaye ya gangaro mini cikin kunne. Can ta gyara zama ta fuskanci Inna Dudu.

"Dudu, mu zuri'armu duk jininmu a sama yake. Ubanmu haka, ƙanena haka, ga ni yau an faɗa mini. Shi ma Zainu in an bincika yana hanya. Ita kuma nata a ƙasa. In ruwan wanka ya yi zafi, me ake yi masa?"

"Surkawa."

"To a surka. Jikokina su fito daidai wa daida."

Sista Roda ta ce, "Hajiya, ba fa haka abin yake ba."

"Ke ki yi awonki, hukunci nawa ne."

Umma ta fara hamdala a fili. Tsohuwa ta buɗe baki za ta ce jini ba ya sauka, ta dubi Gwaggo, ta fasa. Ni har na fara jin daɗi, sai tambayar ta zo.

"Shi yaron ya sani?"

Umma ta shiga gyaran kulolin da ba su buƙatar gyara.

"Wato bai sani ba. Hajiya, ban ga laifinki ba, uwa ce ke. Amma ni na riƙe yaron nan, ban taɓa rufe shi a kan komai ba. Ba kuma zai ji daga bakina ba. 'Yar nan, yana waje. Za mu yi la'asar a nan. Kafin mu sallame sallar, ki je ki faɗa masa da bakinki. In kin kasa, ni da na ce a surka, ni zan ce a zubar."

Na sauke ƙafafu zan tashi, ta ɗaga hannu.

"Yadda likita ya ce. Muna kallo."

Haka na zauna daɓas a gaban dangin miji, na miƙe musu ƙafafu ina kaɗa yatsu, mata biyar sun zuba mini ido, Inna Dudu tana cewa na hagun bai kaɗu sosai ba. Na dafa kujera na miƙe. Na shanye sauran ruwan, na zura dogon hijabi a kan miyar da ta ɓata mini atamfa, na fita.

Yana jingine da mota yana cin gasasshiyar masara. Da ya gan ni sai ya daina tauna. Na matso, ya ɗago kai, ya ƙara ɗagowa. A nan mu duka biyu muka gano na fi shi tsayi da kamar yatsa uku.

"Malama," ya ce, ya rufe baki da hannu, "ashe haka kike?"

Da a ce wata rana ce da na yi dariya. Na dafa murfin motar na faɗa masa komai, ban rage ba. Taron makaranta, mai niƙa, zoɓo, tabarmar zaure, cinyar Gwaggo. Tun ina magana yana murmushi, har murmushin ya ɗauke. Ya ajiye masarar a kan mota.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Isah ya sani?"

"A gabansa na faɗi."

Ya nuna shagon da ke kallon gidanmu. "Mai shagon can fa, da nake sayen lemo in kawo miki?"

"Shi ya taɓa yayyafa mini ruwa."

"Masu babur ɗin bakin titi?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai.

"Wata takwas ina wucewa ta gabansu ina ɗaga musu hannu. Ina faɗa wa abokaina na sami wadda kunyata take hana ta tashi."

"Tsoro na ji, Zainu. Na ga yadda wancan ya gudu."

"Sai kika sa ni a layinsa tun ban yi komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, ta gaske, ba ta tabarma ba. Muna nan tsaye su Gwaggo suka fito. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta shige mota. Inna Dudu ta bi ta da ƙullin sauran kaji, tana faɗa masa gobe sai an dawo da Yaya asibiti, ɗari da casa'in aka ce. Na ga hannunsa ya tsaya a kan murfin ƙofa da jin lambar.

Ya zagaya ya shiga, ya sauke gilashi, bai kalle ni ba.

"Gobe ƙarfe takwas zan biyo ta nan da Gwaggo. Akwai wuri ɗaya a baya. In za ki zo, ki taho da katinki na asibiti. Ina so in ji daga bakin likita abin da ake yi in kin faɗi, tunda duk garin nan sun iya ban da ni. In na yi ham sau biyu ba ki fito ba, na gane."

"Layin asibitin yana da tsawo," na ce. "In na faɗi a gaban mutane fa?"

Sai a lokacin ya dube ni. Idonsa ya yi ja.

"Ki faɗi mana, Naja'atu. Ni dai ki bari ina wurin."

Bai taɓa kiran sunana ba sai yau, kuma ban san ko alheri ne ko akasinsa ba. Ya ja mota suka tafi. Da na juya, Umma tana zaure, ashe duk ta ji. Ta ce ba a sa rana ba, ba a kawo ko goro ba, 'yarta ba za ta shiga motar saurayi a zaga gari da ita ba, ko da gwaggonsa goma a ciki. Ta ce in na fita gobe, in san da bakin da zan yi wa Babanmu bayani.

Na shiga ɗaki na rubuto muku wannan, kuma katin yana cikin jakata.